Harsunan waje da nake ganin sun cancanci wahalar Bahaushe, da waɗanda zan ce a dakata

Da awanni ake sayen harshe, don haka da lissafin awanni zan fara. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta daɗe da kasa harsuna gwargwadon lokacin da ɗalibanta ke ɗauka kafin su iya aiki da su. Faransanci da Sifaniyanci suna cin kimanin awa 600 zuwa 750 a aji, Jamusanci kusan 900, Turkanci da Rashanci da Hindi kusan 1,100 (ita ma Hausa a wannan rukuni suka sa ta), sai Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci da ke kaiwa 2,200. Wannan ƙiyasi na mutumin da aka haifa cikin Turanci ne, wanda kuma ba shi da wani aiki sai karatun. Mai shago ko ma'aikaci ko uwar gida da ke iya ware awa ɗaya a rana, awa 365 ke nan a shekara idan bai tsallake ko rana ɗaya ba. Faransanci zai ci masa shekara biyu, Sinanci shekara shida. Shi ya sa nake jin zafi in na ga matashi ya ɗauki harshe don kawai ya ji ana yayinsa, ya yi wata huɗu ya ajiye, ya ɗauki wani.

Ga Bahaushen Najeriya da ya riga ya iya Turanci, Faransanci na sa a gaba, ba tare da wani kokwanto ba. Duk ƙasashen da muka haɗa iyakar ƙasa da su, Nijar da Benin da Chadi da Kamaru, da shi suke aikin ofis. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu, amma maganar ba ta wuce takarda da 'yan darussan ƙaramar sakandare ba. Za a iya cewa ai a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni Hausa ake yi, kuma gaskiya ne. A 2025 ma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Amma Hausa a bakin kasuwa take ƙarewa. Takardar duwan, wato kwastam, rasit ɗin banki, yarjejeniyar haya, takardar likita, duk da Faransanci ake rubuta su. Kana wucewa zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome ko Duwala, ko ka nufi Abijan da Dakar, dogaronka ya koma kan dillali, kuma wanda ba ya iya karanta takardar da ya sa wa hannu, abin da aka faɗa masa kawai ya sani. Ga ɗan'uwanmu na Nijar kuwa, juya maganar za a yi: Turanci ne nasa na farko, saboda Kano da Legas da jami'o'in Najeriya da Gana.

Matsalar Bahaushe da Faransanci a baki take, kuma tun makon farko ya kamata a tare ta. Ba mu da bambancin “p” da “f”, namu sautin a tsakiyarsu yake, da leɓɓa biyu muke yinsa. A Faransanci “pain” burodi ne, “faim” yunwa ce, kuma wannan baƙi ɗaya ne kaɗai ya raba su. Haka “b” da “v”: “boire” sha, “voir” gani. Gyaran yana gaban madubi. A “p” leɓɓa biyu su rufe ruf sannan su buɗe. A “f” da “v” haƙoran sama su hau leɓen ƙasa. Minti biyar kullum na tsawon mako uku ya isa, amma in aka bari ya shekara, sai ya zauna. Sai wasalin “u”, wanda ba “u” ɗinmu ba ne: ka furta “i”, ka bar harshenka a inda yake, ka tattara leɓɓa kamar za ka yi fito. In ba ka iya shi ba, “dessus” da “dessous”, wato sama da ƙasa, za su zama abu ɗaya a bakinka.

Kuskure na biyu shi ne karanta Faransanci da idon Turanci. Yawancin baƙaƙen ƙarshen kalma ba a furta su. “Il parle” da “ils parlent” rubutu daban, sauti ɗaya. Saboda haka kada ka haddace kalmar da ba ka ji an furta ba. Gidan rediyon RFI yana da labaran minti goma cikin sauƙaƙan Faransanci, tare da rubutun abin da aka karanta. Ka saurara sau ɗaya ba ka duba rubutun ba, ka sake saurara kana bi da ido, a na uku ka riƙa tsayarwa kana maimaitawa da murya. Rabin awa ke nan, kuma ya fi awa biyu na latse-latsen manhajar waya, domin manhaja tana koya maka gane amsa cikin zaɓi huɗu, ba ta koya maka haɗa jimla da kanka.

Jinsin suna, wanda ke wahalar da Bature ɗan Ingila, mu mun saba da shi, tunda muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya. Sai dai jinsin ba ya dacewa da namu: a Faransanci rana namiji ce, wata mace. Ka haddace kowane suna tare da “un” ko “une”, domin “l'” yana ɓoye jinsin. Lambobi kuma suna bukatar zama na musamman ga ɗan kasuwa: 70 sittin da goma ake cewa, 80 ashirin huɗu, 97 ashirin huɗu da goma sha bakwai. Ka haɗa wannan da lissafin sefa na Hausar Nijar, inda dala ɗaya take sefa 5, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000, ka ga inda baƙo ke rikicewa. Ka sa wani ya riƙa karanto maka farashi da lambobin waya da sauri kana rubutawa, har hannunka ya daina tsayawa.

Wajen takardar shaida, a san abin da ake nema kafin a biya. DELF, takardar shaidar iya Faransanci, tana da matakai huɗu daga ƙasa zuwa sama, A1 da A2 da B1 da B2, kuma ba ta tsufa. Kashi huɗu ce, ji da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da jimillarsa ta kai. Takardar jarrabawar TCF kuwa, wadda ita ma ta Faransanci ce, shekara biyu take aiki, don haka ba a yinta sai an kusa bukata. Mai nufin Kanada, jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF ta Kanada ake nema, kuma tun 2023 ƙasar ta ware rukuni na musamman ga masu Faransanci a tsarin shige da ficenta. Akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Kano, akwai kuma Ƙauyen Faransanci na Badagiri da ɗaliban jami'a ke zuwa. A ganina B1 ya ishi ɗan kasuwa, B2 kuma shi ne mafi ƙarancin abin da mai neman aiki a ƙungiyoyin agaji ko ECOWAS zai tsaya a kai.

Larabci shi ne na biyu a wurina, kuma a nan ban yarda da awa 2,200 ɗin nan ba, don ba da mu aka auna ba. Sunayen ranakun mako, goma-goma daga ashirin zuwa casa'in, alƙalami, labari, lafiya, duniya, albasa, sabulu, duk mun riga mun zo da su. Ginin harshen ma ɗan'uwan namu ne: littafinka da littafinki, “kitabuka” da “kitabuki”, “ma” ɗin da ke makaranta da mabuɗi shi ne ke “maktab” da “miftah”. Jam'in Larabci da ke karya kalma daga ciki ba zai tsorata wanda ya saba da gida gidaje, sarki sarakuna, dutse duwatsu ba. Wanda ya yi allo ya san baƙi da wasali tun yana yaro.

To me ya sa ake samun malami ya sauke littattafai a zaure, yana fassara Larabci mai wuya kalma bayan kalma, amma ya kasa neman ɗaki a Makka? Saboda hanyar karatun ta karɓa ce: malami ya karanta, ya fassara, ɗalibi ya riƙe. Ba a taɓa sa shi ya ƙirƙiri jimla ba. Yana iya yi wa aya i'irabi, bai san sunan tawul ko fanfo ko tikiti ba. Ban raina wannan karatu ba ko kaɗan, shi ya riƙe mana ilmi ɗaruruwan shekaru, amma manufarsa fahimtar nassi ce. Mai son magana sai ya ƙara wani abu a kai: kullum jimla goma da ya haɗa da kansa kan abin da ya yi a ranar, wani ya gyara masa, da kuma sauraron labaran rediyo ko talabijin na Larabci, waɗanda da daidaitaccen harshe ake karanta su. Kada ya jira sai ya haddace Alfiyya. Ajurumiyya da ɗan sarfu sun isa a fara buɗe baki.

Akwai gyare-gyare biyu da suka shafe mu musamman. Na farko furuci: harafin “dad” mun mayar da shi “l” tun da daɗewa, shi ya sa muke da alƙali, alwala, farilla, larura. “Sa” mai ɗigo uku, da “sin”, da “sad” duk kan koma “s” ɗaya, “ha” biyu su zama ɗaya, “ain” ya koma hamza. Balarabe zai gane wasu, wasu kuma ma'anar ce za ta sauya. Na biyu rubutu: a rubutun Warsh da muka taso da shi, “fa” ɗigo ɗaya take da shi a ƙasa, “ƙaf” ɗigo ɗaya a sama, alhali a bugun gabas “fa” ce mai ɗigo ɗaya a sama, “ƙaf” biyu. Ga shi kuma jarida ba ta sa wasali. Mako biyu na karatun jarida da murya a gaban wanda ya iya yana warware wannan.

Sai babbar tambaya: wane Larabcin? Ba wanda ke ciniki da fusha, wato daidaitaccen Larabcin littafi. “Me kake so?” a littafi “maza turid” ne, a Alƙahira “ayiz eh”, a Jidda “esh tibga”, a Khartum “dayir shinu”, a Njamena “tidor shunu”. Shawarata a kafa fusha tukuna, domin da ita ake karatu da rubutu, kuma kowa zai gane ka ko da ya amsa maka da nasa. Bayan nan a zaɓi karin harshe ɗaya tak gwargwadon inda ƙafa za ta taka: na Hijaz ga mai hidimar alhazai da 'yan umara, na Masar ga mai zuwa Azhar ko asibiti, na Chadi ga mai fatauci ta Gamborun Ngala, wanda shi a Maiduguri ma zai samu Shuwa Arab da zai yi hira da su. Haɗa biyu a lokaci guda yana haifar da Larabcin da ba na kowa ba.

Sinanci kuwa, ra'ayina ya rabu biyu. Sinancin kasuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari ga duk mai sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu. Sinancin karatu da rubutu cikakke, sai ga wanda ya samu gurbin karatu a can ko zai zama tafinta.

Muna da wata riba da Turawa ba su da ita: kunnenmu ya san karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, da sauti muke raba su. Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, yana da kari huɗu, kuma kalma ɗaya “ma” tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi. Bambancin shi ne namu karin yawanci hawa ne ko sauka daga gaɓa zuwa gaɓa, nasu kuwa a cikin gaɓa ɗaya muryar ke lanƙwasa. Na biyu mai tashi da na uku mai nutsewa ya taso su ne ke ba mu wuya. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, tunda “mai” da kari na uku saye ne, da na huɗu sayarwa. Nahawun kansa mai sauƙi ne: aikatau ba ya sauya siffa, suna ba shi da jinsi. Wahalar tana rubutu, inda sai mutum ya san alamomi dubu biyu da ɗari biyar zuwa dubu uku kafin ya karanta jarida.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar wannan. Ya koyi pinyin, wato rubuta Sinanci da baƙaƙen boko, wanda da shi ake bugawa a waya. Ya koyi kalmomi 300 zuwa 600, daidai da mataki na biyu da na uku na tsohon tsarin jarrabawar Sinanci ta HSK. Ya gane alamomin lamba, launi, awo, kwali da kwanan wata. Sannan ya kula da tarkuna huɗu. Suna ƙirga da “wan”, wato 10,000, don haka dubu ɗari a wurinsu “wan” goma ne, kuma nan ake ɓatar da sifiri. “Si” huɗu da “shi” goma suna kama a bakin mutanen kudu, don haka a tabbatar da kowane farashi a kan kalkuleta. “Jin” rabin kilo ne, “gongjin” ne kilo. Ragi kuma a juye suke faɗinsa: “ba zhe”, mai lamba 8, yana nufin za ka biya kashi 80, an rage 20 ke nan. Manhajar hira ta WeChat tana fassara saƙon rubutu, kuma ta wadatar wajen gaisuwa da tambayar kaya, amma sharaɗin inganci da ranar lodi da wanda zai ɗauki asara in kaya ya lalace, a rubuta su da Sinanci da Turanci, wanda ya iya ya duba. Mutanen Guangzhou harshen Kanton suke yi a gida, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Mandarin ne na kasuwanci, shi za a koya. Cibiyoyin koyar da Sinanci na Confucius da suka daɗe a Najeriya suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Legas, don haka ɗan Arewa yawanci sai ya nemi malami ta intanet, kuma a watanni ukun farko malami mai gyara sauti wajibi ne.

Turkanci harshe ne da nake so saboda tsarinsa. Tun 1928 da baƙaƙen boko ake rubuta shi, guda 29, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Ba jinsi. Kalma ce ake ta jona wa ɗafa-ƙeya: “ev” gida, “evler” gidaje, “evlerim” gidajena, “evlerimde” a gidajena. Ga kalmomin da muka sani ta hanyar Larabci, “kitap”, “kalem”, “haber”, “sabun”. Abin da ke gajiyarwa shi ne aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma wasalin ɗafa-ƙeya sai ya bi na kalmar. Duk da haka ba zan ce a fara shi daga gida ba. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana haɗe da shekara guda ta koyon harshen a can, kuma abin da za ka koya a wata uku a Ankara ya fi na shekara a ɗakinka. Mai sayo tufafi a Laleli ko Merter ta Istanbul kuwa, lambobi da kalmomi ɗari biyu sun ishe shi, don masu shagunan sun saba da baƙi, da yawansu suna jin Larabci.

Jamusanci ma haka: sai da dalili a hannu. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, ban da wasu wurare irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai. Amma bizar ɗalibi tana neman a ajiye sama da Yuro 11,000 na shekara a asusu na musamman, kuma wannan shingen ne ke tsayar da mutane bayan sun kashe shekara a kan harshen. Ma'aikaciyar jinya B2 ake nema a wurinta, mai bin miji ko mata A1. Jinsi uku ne, kuma siffar “der, die, das” tana sauyawa gwargwadon matsayin suna a jimla ta hanyoyi huɗu. Wanda ya yi i'irabin Larabci zai gane dabarar da wuri. A fara lissafin kuɗi da takardu, in sun yiwu sannan a shiga aji.

Hindi ita ce wadda mutanenmu suka fi ƙauna, saboda shekarun da aka yi ana kallon finafinan Indiya, kuma ban ga laifin wanda ya koye ta don jin daɗi ba. A matsayin jari dai ban ba da shawara ba. Likitoci da malaman jami'a a Indiya da Turanci suke aiki, kuma biranen da ake yawan zuwa a kudu ba Hindi suke yi ba: Chennai Tamil, Bengaluru Kannada, Hyderabad Telugu. Hindin waƙa kuma cike take da kalmomin soyayya na Urdu da ba za su saya maka magani ba.

Koriyanci da Japananci su ne zan ce a guje su, sai ga mai takardar karatu ko aiki. Baƙaƙen Koriya 24 ana koyonsu a mako ɗaya, wannan sauƙin ne ke jawo 'yan mata da samari masu kallon shirye-shiryensu, sai daga baya su ci karo da matakan girmamawa da ke sauya ƙarshen kowane aikatau. Japananci yana da tsarin rubutu uku, biyu masu alamomi 46 kowanne, da alamomin Sin 2,136 na yau da kullum. Harsunan Holan da Suwidin da Nowe kuwa, masu su suna jin Turanci sosai har su kan mayar da kai gare shi kana buɗe baki. Rashanci, jami'o'insu suna da shekarar share fage ta harshe, a bari sai an je. Harshen Fotugal yana da amfani, tunda ana aiki da shi a ECOWAS da Tarayyar Afirka, ga Angola da Gini Bisau da Mozambik, amma bayan Faransanci ya kamata ya zo, lokacin da rabin kalmominsa za su zo maka a sauƙaƙe. Kada a haɗa shi da Sifaniyanci a shekara ɗaya, kamarsu ta yi yawa, sukan cakuɗe.

Kowanne aka zaɓa, yawan sababbin kalmomi kada ya wuce goma a rana. A manhajojin bita irin Anki, kowace sabuwar kalma tana dawowa sau da yawa, don haka goma a rana kan zama bitar kusan ɗari bayan 'yan watanni. Wanda ya fara da talatin, a wata na biyu zai tarar da ɗari uku suna jiransa, ya rufe. Kafin a biya kuɗin aji kuma a nemi zama ɗaya na gwaji, a ƙirga ɗalibai, a duba agogo a ga minti nawa ɗalibi ɗaya ya yi yana magana. Aji mai mutum talatin na awa biyu, ko malami bai ce uffan ba, minti huɗu ne rabon kowa. In haka ne, gara a haɗa kai mutum huɗu ko biyar a ɗauki malami ɗaya, a raba kuɗin.